Gudun Dare a Daji: Waya Za Ta Nuna Inda Mutum Ya Faɗi, Amma Ba Za Ta Ɗaga Shi Ba

Gudun motsa jiki ya zama abin yayi a tsakanin matasa masu riƙe da manyan wayoyi. Da an gama sai a ɗauki hoton fuskar waya, ga taswirar hanya da jan layi, ga yawan kilomita, ga mintunan da aka ci, a ɗora a WhatsApp ko Instagram. Wasu sun gaji da kwalta sun fara neman duwatsu da hanyoyin ƙafa na bayan gari, irin su tsaunukan Mpape da Ushafa a Abuja, ko na Shere a Jos, ko dutsen Kufena a Zariya. Kuma tunda a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, da wuya a ga laifin wanda ya ce shi sai rana ta faɗi ko kafin ta fito zai yi nasa gudun.

Matsalar tana wajen irin amanar da ake bai wa waya. Matashi zai cika batir, ya kunna manhajar auna gudu, ya toshe kunnuwa da iyafis, ya shiga duhu yana jin ya gama shiri. Alhali wayar da ke hannunsa tana da iyaka sananniya, kuma a wasu lokutan ita ce ma ke ƙara masa haɗari. Duk wanda zai yi gudu a daji da dare ya kamata ya ɗauki waya a matsayin mataimaki na ƙarshe. Ido da kunne da abokin tafiya su ne na farko.

Yadda ƙwararru ke kallon wannan wasa

Gudun daji, wato gudu a kan hanyoyin ƙafa da tsaunuka maimakon titi, wasa ne mai gasanni manya a duniya. Gasar UTMB da ake farawa a garin Chamonix na Faransa tun 2003 tana zagaye tsaunin Mont Blanc ta ƙasashe uku, Faransa da Italiya da Suwizalan, nisan kusan kilomita 170 tare da hawan da ya kai mita 10,000. Ba wanda ke gama ta ba tare da ya kwana yana gudu ba. A Afirka ma akwai gasar hawan Tsaunin Kamaru da ake yi a Buea tun 1973, kuma a Najeriya an fara gasar tsaunin Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005.

Abin lura shi ne jerin kayan da UTMB ke tilasta wa kowane ɗan gasa ya ɗauka. Akwai waya a ciki, amma tare da ita akwai fitilu biyu da batiran ko-ta-kwana, da usur, da rigar ruwa, da bargon gaggawa mai riƙe zafin jiki, da ruwan sha da abinci. Masu shirya gasar sun san cewa waya abu ɗaya ce a cikin kaya da yawa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai gasar Barkley a jihar Tennessee ta Amurka, inda aka haramta GPS gaba ɗaya. Taswirar takarda da kamfas ake amfani da su. A Maris 2024 Jasmin Paris 'yar Birtaniya ta zama mace ta farko da ta kammala ta, saura daƙiƙa 99 wa'adin awa 60 ya cika. Darasin da ke nan shi ne manyan wannan wasa sun iya karanta ƙasa da idonsu kafin su dogara da na'ura.

Abin da GPS ke yi da abin da ba ya yi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda waya tana nuna shuɗin ɗigo a kan taswira, to wani a wani wuri ya san inda suke. Ba haka tsarin yake ba. Na'urar GPS da ke cikin waya karɓa kawai take yi. Tana sauraren siginar taurarin ɗan'adam da ke yawo a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa, kuma idan ta samu aƙalla huɗu sai ta lissafa wurin da take. Ba ta aika musu komai. Shi ya sa GPS ke aiki ko babu data, ko babu layi a cikin wayar.

Amma kafin wannan bayani ya isa ga wani mutum, dole sai da netwok. Aika wurin da mutum yake kai tsaye ta WhatsApp, wanda ake iya saitawa na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, yana tsayawa cak da zarar data ta ɗauke. Abin da ɗan'uwa zai gani a gida shi ne wuri na ƙarshe da wayar ta samu damar aikawa, wanda zai iya zama nisan kilomita da dama daga inda mutum ya faɗi. Haka ma agogunan hannu masu gane faɗuwa: yawancinsu ta cikin waya suke aika saƙon neman agaji, don haka idan wayar ba ta da sabis, saƙon bai tafi ko'ina ba. Kuma mutanen arewa sun san netwok kan iya ɓacewa baki ɗaya. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu sassan jihohi maƙwabta.

Ko da saƙon ya isa, isarsa daban, isar masu ceto daban. A Yunin 2017, a wata gasar hawan tsauni da ake yi a Bird Ridge kusa da birnin Anchorage na Alaska, wani yaro ɗan shekara 16 ya saki hanya yayin saukowa. Ya aika wa danginsa saƙo cewa dabbar beyar na bin sa. An bi GPS ɗin wayarsa aka gano wurin, amma kafin a isa dabbar ta riga ta kashe shi. Fasahar ta yi duk abin da aka ƙera ta domin ta yi.

Misali mafi muni shi ne na lardin Gansu a ƙasar Sin. Ranar 22 ga Mayu 2021, mutum 172 suka shiga gasar kilomita 100 a cikin tsaunuka. Da tsakar rana yanayi ya juya, aka yi ƙanƙara da ruwa mai sanyi da iska mai ƙarfi, a daidai wani sashe da mota ba ta iya kaiwa. Mutum 21 suka mutu saboda sanyi, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin fitattun masu dogon gudu na ƙasar. 'Yan gasar suna ɗauke da na'urorin nuna wuri, amma da yawansu gajeren wando da 'yar riga kawai suka sa. Mutum shida daga cikin waɗanda suka tsira, wani makiyayi mai suna Zhu Keming ne ya shigar da su kogo ya hura musu wuta.

Kunne ya fi iyafis tsada

Hausawa sun ce idan kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. A daji da dare wannan magana ta wuce karin magana, domin ido ba ya ganin abin da ya wuce inda hasken fitila ya tsaya, kuma ba ya ganin baya. Kunne ne kaɗai ke aiki ta kowane ɓangare.

A Fabrairun 2019 wani mai gudu, Travis Kauffman, yana kan hanyar tsaunin Horsetooth a jihar Colorado sai ya ji motsin ganye a bayansa. Da ya waiga sai ya ga dabbar puma, wadda Amurkawa ke kira zakin dutse. Ta far masa, suka yi kokawa, a ƙarshe ya danne mata wuya da ƙafa har ta mutu. Ƙarama ce, ba ta kai shekara ɗaya ba, amma duk da haka sai da aka yi masa ɗinki sama da 20. Da yake magana da 'yan jarida bayan ya fito daga asibiti, ya nuna cewa rashin toshe kunnensa a ranar ne ya sa ya ji motsin har ya juya ya fuskance ta.

Iyafis na zamani an ƙera su ne musamman domin su raba mutum da duniyar da ke kewaye da shi. Robar da ke shiga kunne tana toshe sauti, tsarin kashe hayaniya yana cinye wani, sannan kiɗa ya rufe sauran. A cikin mota ko ofis wannan ni'ima ce. A hanyar daji kuwa yana nufin mutum ba zai ji haushin kare daga nesa ba, ba zai ji babur na tahowa babu fitila ba, ba zai ji takun mutum a bayansa ba. Akwai nau'in da ke aika sauti ta ƙashin gefen fuska ya bar ramin kunne a buɗe, irin na kamfanin Shokz, kuma ya fi dama-dama da rana. Da dare dai babu abin da ya kai cirewa gaba ɗaya.

Kyamara na jan mutum zuwa ga haɗari

A Oktoban 2020 wani bidiyo na minti shida ya zagaye intanet. Wani matashi mai suna Kyle Burgess yana gudu a kwazazzabon Slate da ke jihar Utah sai ya hangi 'ya'yan wata dabba a kan hanya, ya ciro waya ya fara ɗauka yana matsawa. Ashe 'ya'yan puma ne, kuma uwar tana kusa. Ta biyo shi tana kai masa barazana, shi kuma yana ja da baya yana fuskantarta yana ɗaga murya, har ya samu ya jefe ta da dutse ta juya. Masana dabbobi sun bayyana cewa korar sa take yi daga wajen 'ya'yanta.

Abin da ya yi daidai shi ne bai juya baya ya ruga ba, domin gudu yana tayar wa irin waɗannan dabbobi da sha'awar farauta. Abin da ya jefa shi cikin halin tun farko kuwa shi ne son ɗaukar bidiyo. Wannan ɗabi'a ce da manhajojin sada zumunta suka koya wa kowa: duk abin mamaki, a fara ɗauka tukuna. Dabbar daji da ke da 'ya'ya ba ta san da wannan ba. Ganin ɗan dabba shi kaɗai alama ce ta a bar wurin, ko ɗan biri ne, ko ɗan kura, ko ma ɗan kwikwiyo a bayan gari.

Dabbar da ya kamata ɗan arewa ya ji tsoro

Bidiyoyin puma da beyar suna sa mutum ya ɗauka cewa haɗarin daji babbar dabba ce mai farata. A ƙasar Hausa abin tsoron ƙarami ne, yana kwance a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutum kusan miliyan 5.4 a kowace shekara, kuma tsakanin 81,000 zuwa 138,000 na mutuwa. A 2017 hukumar ta sanya saran maciji a jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

A yankin savana na Najeriya, kububuwa ce kan gaba wajen kisa. Gajera ce, launinta ya saje da ƙasa da tsakuwa, tana son wurare masu duwatsu, kuma da yamma da dare take fitowa, wato daidai lokaci da wurin da mai gudun dare ya zaɓa. Dafinta yana hana jini daskarewa, ta yadda wanda ta sara zai iya jin kamar babu komai a awannin farko, daga baya jini ya fara fita ta dasashi da wasu wurare. Ba banza ake mata kirari da gobe-da-nisa ba. Idan ta ji an matso, tana naɗe jiki ta goga ɓawonta da juna ya ba da wani sauti mai kama da ƙarar zarto. Kasa kuma ba ta cika gudu ba, kwanciya take yi ta dogara da launinta, sai dai ta yi huci. Duka gargaɗin biyu da kunne ake jin su.

Idan sara ya auku, babu manhajar da ke magani. Shawarar likitoci ita ce a matsa daga wurin, a cire zobe ko agogo ko duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci wajen neman kashe macijin. Wanda aka sara bai kamata ya ci gaba da gudu ba, domin motsi na saurin yaɗa dafi. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa kada mutum ya tafi shi ɗaya: wa zai ɗauke shi? Akwai asibiti na musamman domin saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe, amma ba kowane asibiti ne ke ajiye maganin ba, don haka sanin wanda ya fi kusa aiki ne na kafin a fita.

Sai karnuka. Ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara a duniya, kuma kusan duka daga cizon kare ake kamuwa. Mai gudu da dare a gefen ƙauye ko rugga ya fi yiwuwar haɗuwa da kare fiye da kowace dabba. Tsayawa da ja da baya a hankali ya fi ƙara wuta. Idan an yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a je asibiti a ranar domin allura, ko da raunin ƙarami ne.

Haske da batir

Tocilar waya an yi ta ne domin ɗaukar hoto da neman makulli a ƙarƙashin gado. Haskenta bazuwa yake yi, ba ya zuwa nesa, kuma riƙe ta yana cinye hannu ɗaya da mutum zai kare kansa da shi idan ya yi tuntuɓe. Idan ya faɗi da ita a hannu, a lokaci guda ya rasa fitila da taswira da hanyar kiran gida. Masu rubuta manhaja suna gudun duk tsarin da lalacewar abu ɗaya ke rusa komai, kuma waya a hannun mai gudun dare ita ce cikakken misalin irin wannan tsari.

Fitilar goshi mai haske tsakanin lumen 200 zuwa 400 ta isa yawancin hanyoyi, kuma kuɗinta bai kai na iyafis mai kyau ba. Maharba sun daɗe da sanin amfaninta: saboda hasken yana fitowa daga kusa da ido, idanun dabbobi irin su kare da kura da kyanwar daji suna ƙyalli tun daga nesa. Tana da rauni ɗaya, wato tana ɓoye inuwar duwatsu da ramuka, sai ƙasa ta zama kamar shimfiɗa. Ƙaramar tocila a hannu ko a ƙugu tana dawo da inuwar, kuma ita ce ta ko-ta-kwana. A kuma tuna cewa ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma kallon fuskar waya mai haske yana rage wannan sabo nan take.

Game da batir, abin da ya fi cinye shi a daji shi ne neman netwok. Idan sigina ta yi rauni, waya tana ƙara ƙarfin da take kiran turken sadarwa, sai ta yi zafi caji ya zube. Sannan wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage domin tanadin batir, har da wadda ke aika wurin da mutum yake. Dole a shiga saiti a cire wa manhajar wannan takunkumi, a kuma gwada ta a cikin gari tukuna. Taswira ma a sauke ta tun a gida, ko ta Google Maps ko ta OsmAnd ko Organic Maps, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Taswirar da ke tona asiri

Akwai haɗarin da waya ce da kanta ke ƙirƙirar sa. A ƙarshen 2017 kamfanin Strava ya fitar da taswirar duniya da ke nuna hanyoyin da masu amfani da manhajar suka bi, daga motsa jiki kusan biliyan 1. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya mai shekara 20, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar ta zana sansanonin soji a Siriya da Afganistan, saboda sojoji na gudu da agogunansu a kunne. Wasu suka bi sahu suka gano irin haka har a yankin Sahel. A watan Agustan shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta hana dakarunta da ke fagen aiki kunna irin wannan bibiya. A 2024 kuma jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda ake iya bin motsin shugabannin ƙasashe ta hanyar asusun Strava na masu tsaronsu.

Idan haka ta faru da sojoji, ina ga matashin da ke ɗora hanyarsa a fili kullum? Wanda ya duba shafinsa na mako biyu zai san ƙofar gidansu, da lokacin da yake fita, da lungun da ba kowa, da cewa shi kaɗai yake tafiya. A yankin da ake fama da masu ƙwacen waya da masu garkuwa da mutane, wannan bayani ne mai tsada da ake bayarwa kyauta. Manhajojin suna da saitin ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, amma shi ma ba garkuwa ce cikakkiya ba. A 2022 masu bincike a jami'ar KU Leuven ta Beljiyam sun nuna cewa ta hanyar haɗa jimillar nisan da manhaja ta nuna da tsarin titunan unguwa, ana iya gano wurin da aka ɓoye a kusan kashi 85 cikin 100 na gwajin da suka yi. Mafita ita ce a rufe asusu sai ga waɗanda aka sani ido da ido, a fara kunna manhaja bayan an yi nisa da gida, a riƙa sauya hanya da lokaci, kuma a daina ɗora taswira a status.

Ai fasaha na ceton rai

Wani zai ce wannan duk tsoratarwa ce, kuma fasaha ta ceci mutane da yawa. Gaskiya ne ta ceta. Taswirar da aka sauke ta dawo da waɗanda suka ɓata. Tun 2021 Strava ta mayar da tsarinta na Beacon kyauta a waya, wanda ke bai wa mutum uku damar bin mai gudu kai tsaye. Na'urar Garmin inReach tana aika saƙo ta taurarin Iridium ko babu turken sadarwa, kuma tun daga iPhone 14 a 2022 Apple ya kawo kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam. Babu mai hankalin da zai ce a bar waya a gida.

Sai dai waɗannan kayan suna da sharuɗɗa. Na'urar inReach tana da tsada kuma ana biyan kuɗin wata. Sabis ɗin Apple a ƙasashe ƙalilan aka buɗe shi. Mafi muhimmanci, duka an gina su ne a kan zaton cewa akwai tawagar ceto da za ta taso idan an danna maɓalli. A tsaunukan Faransa akwai jirage masu saukar ungulu da jami'an da aikinsu ke nan. A bayan dutsen wani ƙauye a arewa, lambar 112 tana nan, amma wanda zai fara isa wurin ɗan'uwa ne ko aboki a kan babur, ko manomi, ko makiyayi. Saboda haka tsarin tsaron mai gudu a nan dole a gina shi a kan mutane.

Akwai kuma abin da lambobi ke yi wa hankali. Manhajojin gudu suna ba da lada ne a kan sauri da nisa da jera kwanaki ba fashi. Ba su da lambar yabo ga wanda ya ga hadari ya haɗo ya juya gida, ko wanda ya rage gudu a gangare saboda fitilarsa ta yi rauni. Wanda yake kallon agogo yana neman karya tarihinsa na jiya, a kan duwatsu cikin duhu, ya bar manhaja tana yanke masa hukuncin da ƙafarsa ce za ta biya.

Tsarin da ke aiki ko mutum ya yi shiru

Duk tsarin da ke jiran wanda ya ji rauni ya danna wani abu yana da babban giɓi, domin mutum na iya suma, waya na iya fashewa, netwok na iya ɗaukewa. Tsari mai kyau shi ne wanda shiru ke tayar da shi. Kuma ba ya buƙatar ko kwabo: kafin a fita, a gaya wa wani takamaiman mutum hanyar da za a bi, da waɗanda ake tare da su, da lokacin dawowa, a kuma yi yarjejeniya cewa idan ƙarfe kaza ya yi bai ji kira ba, ya taso nema ba tare da jira ba. Manyan kamfanoni ma sun gane haka. Tsarin Check In da Apple ya kawo a 2023 da Safety Check na manhajar Personal Safety ta Google suna sanar da dangi idan lokaci ya cika mutum bai amsa ba, ko da wayarsa ta mutu.

Nan ne matasa masu koyon rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi suke da aikin yi. Maimakon a kwaikwayi Strava, a gina ƙaramar manhaja da Hausa wadda ke aiki a waya mai araha, mai ƙidayar lokaci a kan saba ba a cikin wayar ba, wadda ke aika lambobin wuri ta saƙon tes idan data ta ƙi, tunda tes kan wuce a inda intanet ya gaza. A sa mata jerin asibitocin da ke da maganin dafi, a kuma gina ta yadda ba ta nuna hanyar kowa ga jama'a.

Kafin a samu wannan, ƙa'idar a bayyane take. A fara sanin hanya da rana kafin a bi ta da dare. A tafi mutum uku ko fiye, ta yadda idan ɗaya ya faɗi wani zai zauna da shi wani ya nemo taimako. A gaida mutanen ƙauyen da ke kusa a sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri, domin baƙi masu fitila a goshi suna gudu cikin dare na iya jawo mummunar fahimta. A sa takalmi mai rufe ƙafa, a ɗauki fitilu biyu da usur da ruwa. Duk yankin da ake da labarin matsalar tsaro a bar shi kwata-kwata, filin wasa ko harabar makaranta mai haske ta wadatar. Waya kuma ta kasance a cike da caji, a rufe cikin aljihu mai zif, har sai an buƙace ta.